Me ya sa fim ɗin juyin juya hali ke ƙarewa ranar murna?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Samaru. Tun muna yara muke kallon fim ɗin Umar Mukhtar, yanzu kuma ga finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, inda mutum biyu za su tarwatsa rundunar Turawa. Bayan zanga-zangar watan Agustan 2024 na fara tambayar kaina: shin abin da finafinan duniya ke nunawa game da bore da juyin juya hali gaskiya ne? Kuma me ya sa a fim kullum jama'a ke yin nasara, amma in ka duba ƙasashen a yau sai ka ga kamar ba a yi komai ba?

Amsa: Ina amsawa, ɗana. Allah ya yi albarka.

Na yi shekaru ina nuna wa ɗalibai irin waɗannan finafinai, kuma akwai aikin da nake ba su kafin a kashe fitila: kowa ya rubuta shekarar da labarin fim ɗin ya tsaya, da shekarar da aka yi fim ɗin, sa'an nan ya je ya binciko abin da ya faru a tsakani. Yawancin amsar tambayarka tana cikin wannan tazarar. Mai shirya fim ba lallai ne ya yi maka ƙarya ba. Ya ishe shi ya zaɓi inda zai ajiye kyamara da inda zai ce "a yanka". Tarihi kuwa ba a yanka shi, washegari sai an tashi an nemi na koko.

Kakan irin waɗannan finafinai shi ne Battleship Potemkin, wanda Sergei Eisenstein ya yi a Tarayyar Sobiyet a 1925. Gwamnati ce ta ba da aikin, don tunawa da cika shekara 20 da boren 1905. Ainihin labarin ya faru: ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi sun yi tawaye bayan an ba su ruɓaɓɓen nama. Amma wurin da duniya ta fi tunawa, inda sojojin sarkin Rasha ke saukowa a jere kan dogon matakalan birnin Odesa suna harbin jama'a, keken jariri yana gangarawa ba mai riƙewa, wannan kisan bai faru a kan matakalan nan ba. An kashe mutane a Odesa a waccan shekara, amma Eisenstein ne ya tattara abin ya ɗora a wuri guda don ya shiga ido. Da ya yi fim ɗin October kan juyin 1917, ya shirya dubban mutane suna kutsawa fadar sarki a guje, alhali a zahiri an karɓe fadar ba tare da wani babban artabu ba. Daga baya sai aka riƙa yanko waɗannan hotuna ana sakawa a shirye-shiryen tarihi kamar a ranar aka ɗauke su. Iyayenmu sun san ƙaramin nau'in wannan dabara a zamanin majigi, lokacin da motar gwamnati ke zuwa da farin ƙyalle a ƙofar hakimi ta nuna noman auduga da tsafta da amfanin biyan haraji. Tun daga farkonsa hukuma ta gane abin da hoto mai motsi ke yi wa zuciya.

Fim ɗin da na fi so ka nema ka kalla a natse shi ne The Battle of Algiers na 1966. Ɗan Italiya ne ya ba da umarni, Gillo Pontecorvo, amma Yasif Sa'adi, wanda ya jagoranci mayaƙan FLN, ƙungiyar neman 'yancin Aljeriya, a babban birnin ƙasar, Aljiyas, lokacin yaƙi da Faransa, yana cikin masu shirya shi, har ya fito a ciki yana taka rawa irin wadda ya taka a gaske. Kusan duk 'yan wasan mutanen gari ne, in ban da Jean Martin da ya fito a kanar ɗin sojan laima na Faransa. An ɗauke shi baƙi da fari a lungunan tsohuwar unguwar Kasba, kyamara a kafaɗa, har za ka rantse labarai kake kallo.

Abin da ya ɗaga wannan fim sama da sauran shi ne bai ɓoye tsadar abin ba. Ya nuna yadda ake gina ƙungiyar ɓoye, kowa ya san mutum uku kawai, wanda ya ɗauko shi da biyun da shi ya ɗauko, don in an kama shi an gana masa azaba iyakar abin da zai iya faɗa ke nan. Ya nuna yajin aikin kwana takwas na farkon 1957, da yadda sojoji suka riƙa fasa ƙofofin shaguna. Ya nuna azabtarwa da wuta da ruwa da lantarki. Kuma ya nuna mata uku sun cire lulluɓi, sun gyara gashi irin na Turawa, sun wuce shingen bincike da bom a cikin jaka. Kafin bom ya tashi sai kyamara ta bi fuskokin mutanen da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, har da ƙaramin yaro yana lasar askirim. Kiɗan jimamin da aka sa lokacin da ake zaƙulo gawarwakin Larabawa daga gidan da Turawa suka tarwatsa, shi aka maimaita a kan gawarwakin Turawa. Na sha ganin ɗalibi ya shigo yana zumuɗin ganin an ci uban Bature, ya fita shiru.

To amma duba inda ya tsaya. An kashe Ali La Pointe, mayaƙin FLN da fim ɗin ke bi, a maɓoyarsa a Oktoban 1957, Faransa ta ɗauka ta gama. Sai fim ya tsallaka zuwa Disamban 1960, jama'a sun cika tituna, mata na rangaɗa guɗa, ana kaɗa tuta, murya ta sanar da cewa 'yanci ya zo a Yulin 1962. Shi ke nan. A shekarar da ake ɗaukar fim ɗin kuwa, ranar 19 ga Yunin 1965, Kanar Huwari Bumadyan ya hamɓarar da shugaban farko Ahmad Ben Bella. Har yau ana ba da labarin cewa wasu mutanen Aljiyas da suka ga tankoki a titi sun zaci na 'yan fim ne. Fim ɗin bai nuna rikicin jini tsakanin FLN da magoya bayan Messali Hajj ba, duk da su ma 'yancin suke nema. A Oktoban 1988 sojojin ƙasar da aka 'yanto suka buɗe wa matasanta wuta a titunan nan dai. A 1992 aka soke zaɓe, ƙasar ta faɗa yaƙin basasa na kusan shekara goma. A 2019 kuma jama'a suka sake fitowa har Abdul'aziz Butaflika ya sauka, kuma cikin masu tattakin akwai Jamila Buhairad, ɗaya daga cikin matan da suka ɗauki bom a shekarun 1950, ta tsufa tana zanga-zanga ga magadan jam'iyyar da ta sha ɗauri dominta.

In yi wa Pontecorvo adalci, ya bar alama. Akwai wurin da Larabi Ben Mahidi, ɗaya daga cikin shugabannin FLN, ke hira da Ali da dare a saman soro, yana nuna masa cewa wahalar gaske sai bayan an ci nasara take farawa. Magana ce ta minti ɗaya a fim na awa biyu, kuma guɗar ƙarshe ta rufe ta. Shi Ben Mahidin, Faransa ta ce ya rataye kansa a tsare a 1957. Sai a Nuwamban 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa sojojinsu ne suka kashe shi. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Venis a 1966, amma sai 1971 aka fara haska shi a gidajen silima na Faransa. A 2003 ma'aikatar tsaron Amurka ta nuna wa jami'anta shi lokacin yaƙin Iraƙi, don su ga yadda ake cin yaƙi a birni a kuma rasa ƙasa. Masu bore da masu murƙushe bore duka sun mai da shi littafin karatu.

Yanzu mu zo ga naka. Ka ce kullum jama'a ke nasara, amma ka tuna yadda fim ɗin Umar Mukhtar ya ƙare: da igiya. Lion of the Desert, na Mustafa Akkad, Anthony Quinn ya fito a tsohon malamin allo da ya shafe kusan shekara 20 yana yaƙar Italiya a Libiya, har aka kama shi aka rataye shi ranar 16 ga Satumban 1931 a gaban dubban mutanensa. Sansanonin da aka tsare makiyaya a ciki gaskiya ne, shingen waya mai ƙaya da janar ɗin Italiya Graziani ya ja a kan iyakar Masar gaskiya ne. Amma gilashin tsohon ya faɗi, yaro ya ɗauka, sai ka fita da jin cewa nasara na tafe. To nasarar wa? Gwamnatin Gaddafi ce ta zuba kuɗin fim ɗin. Umar Mukhtar kuwa babban almajirin ɗariƙar Sanusiyya ne, waɗanda fatakensu suka san hanyar Damagaram da Kano, kuma Sarki Idris da Gaddafi ya tumɓuke a 1969 shi ne jagoran Sanusiyya. Shi ya sa za ka kalli kusan awa uku ba ka ji an ba ɗariƙar matsayin da take da shi a wannan yaƙi ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Italiya ta hana nuna fim ɗin shekara da shekaru, sai a 2009 aka sa shi a talabijin lokacin da Gaddafi ya sauka a Rum da hoton Umar Mukhtar cikin mari maƙale a ƙirjinsa. Bayan shekara biyu, masu boren Bangazi suka ɗaga hoton tsohon nan dai suna neman kan Gaddafi.

Haka Gandhi na 1982, wanda ya kwashe kyautar Oscar takwas. Gwamnatin Indiya ta sa kuɗi a ciki, kuma za ka gama shi ba ka ga Ambedkar ba, jagoran waɗanda tsarin jinsin Hindu ya mayar ƙasƙantattu, mutumin da ya yi jayayya mai zafi da Gandhi, kuma ya jagoranci rubuta tsarin mulkin ƙasar. Mai ba da umarnin, Richard Attenborough, ya sake yin Cry Freedom a 1987 kan Steve Biko na Afirka ta Kudu. Biko ya mutu a hannun 'yan sanda tun kusan tsakiyar fim, ragowar kuma aka bi wani Bature editan jarida da iyalinsa suna neman tsallake iyaka. Mutumin da duk koyarwarsa ita ce baƙar fata ya daina jiran wani ya yi magana da yawunsa, shi aka mayar ɗan rakiya a labarinsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ana lissafin wanda zai sayi tikiti a Landan da Niyok.

Akwai wata matsala da ba ta kuɗi ba, ta siffar fim ce kanta. Mu nan mun taƙaita ta da kalma biyu tun zamanin gidajen kallo: akta da bos. Mai kallo yana son fuska ɗaya da zai bi, da mugu ɗaya da za a kashe. Zalunci kuwa yawanci ba shi da fuska ɗaya. Yana cikin takardar haraji, da kotu, da farashin taki, da ɗan sandan da shi ma wata uku ba a biya shi ba. Gwagwarmaya ma yawancinta aiki ne mai gundura: taro a zaure har tsakar dare, karɓar sisi da kwabo na gudummawa, rigima kan wa zai riƙe kuɗi, kai abinci gidan yari. Waɗannan ba sa cika silima. Finafinan Indiya da ka ambata sun kai abin maƙura. RRR na 2022, fim ɗin harshen Telugu na kudancin Indiya, ya ɗauko mutum biyu na gaske, Alluri Sitarama Raju da Komaram Bheem, waɗanda suka yi bore a wurare daban, ya ƙirƙira musu abota, ya ba su ƙarfin aljanu. Na kalla, na yi dariya, na ji daɗin rawar. Amma yaron da ya tashi da wannan zai ɗauka cewa mulkin mallaka ya faɗi ne don an sami mai ƙwanji, ba zai san komai ba game da shekarun ƙaurace wa kayan Ingila da yajin ma'aikatan jirgin ƙasa da cika gidajen yari da gangan.

Masu shirya fim na Afirka da suka taso da 'yancin kai sun lura da wannan, wasunsu suka kauce da saninsu. Sarah Maldoror, wadda ta yi aiki a ƙarƙashin Pontecorvo a Aljiyas, ta yi Sambizanga a 1972 kan Angola. An kama wani direban tarakta, ana dukansa ya faɗi sunaye ya ƙi. Kyamara ba ta zauna a kansa ba, ta bi matarsa da goyo a baya, a ƙafa, daga wannan ofishin 'yan sanda zuwa wancan, ana kora ta. A gefe kuma wani tsoho da ƙaramin yaro da tela suna miƙa labari daga baki zuwa baki. Fim ɗin ya ƙare kafin a harba harsashin farko na 4 ga Fabrairun 1961. Usman Sembene na Senegal ya yi Emitai a 1971: matan ƙabilar Jola suka ɓoye shinkafa don kada sojan Faransa ya kwashe lokacin yaƙin duniya na biyu, aka zaunar da su a rana, dattawa suna can gindin tsafi suna shawara, matan ba su ce uffan ba. Babu akta a ciki ko ɗaya. A 1988 ya yi Camp de Thiaroye, kan sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙin Turai suka nemi haƙƙinsu aka bindige su ranar 1 ga Disamban 1944. Faransa ta daɗe tana cewa mutum 35 ne, masana tarihi suna cewa sun fi haka nesa, kuma sai bayan shekara 80 shugabanta ya kira abin kisan gilla.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Sarraounia na Med Hondo, 1986, daga littafin Abdullahi Mamani na Nijar. Labarin Sarauniya Mangu ce ta Lugu, a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899, ayarin da ya bi ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa. A Burkina Faso aka ɗauke shi, ya ci babbar kyautar bikin Fespaco na Wagadugu a 1987. Abin da ke burge ni shi ne yadda ya ba da lokaci mai tsawo ga ruɓewar rundunar daga ciki, har sojojinta baƙaƙe suka juya suka kashe hafsoshin biyu, wanda haka aka yi a tarihi. Ina tambayar aji ko wa ya taɓa ganinsa, da wuya hannu biyu su tashi. Labarin Bahaushiya ne, amma yaranmu sun fi sanin jaruman Telugu.

Tambayarka ta biyu, wato me ya sa bayan nasara sai a ga kamar ba a yi komai ba, akwai finafinan da suka tunkare ta, sai dai ba su ne ake tallatawa ba. Xala na Sembene, 1975, daga ranar murnar ya fara. Ana kiɗa a waje, 'yan ƙasa sun kori Turawa daga zauren 'yan kasuwa, sun fitar da gumakansu. Ba a jima ba Turawan suka dawo da jakunkuna, suka ajiye wa kowa ɗaya a gabansa, aka buɗe, kuɗi ne maƙil. Ɗaya daga cikin sababbin manyan ya ƙara mata ta uku, ana wanke masa Marsandi da ruwan kwalba na Faransa, daren farko ya tarar an ɗaure shi. Sauran fim ɗin neman magani ne, daga boka zuwa malam, har ya ƙare a hannun mabaratan da ya sa aka kwashe daga ƙofar ofishinsa. Sai da hukumar Senegal ta yanke wasu wurare kafin a nuna shi. Bahaushe ya riga ya ba abin suna: tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Ken Loach ya yi The Wind That Shakes the Barley a 2006 kan Ayalan. Wa da ƙani sun yaƙi Ingila tare. Da aka sa hannu a yarjejeniyar 1921, wan ya karɓa ya sa kakin sabuwar gwamnati, ƙanin ya ce ba wannan suka yi wa rantsuwa ba, tunda mai gona da ɗan haya suna nan yadda suke. Wan ne ya ba da umarnin harbe ƙaninsa. A tsakiyar fim akwai doguwar muhawara a ɗaki, kowa da hujjarsa, ba wanda aka mayar wawa. Wannan wurin nake maimaita wa ɗalibai, domin a nan ake ganin cewa mutanen da suka haɗu kan abin da ba sa so ba lallai su haɗu kan abin da suke so ba.

Masu ɗaukar abin yana faruwa kuwa, su ne tarihi ke ba kunya a fili. Jehane Noujaim ta bi matasan dandalin Tahrir na Alƙahira tun daga Janairun 2011, ta haɗa The Square, ta nuna shi a Amurka a Janairun 2013. Kafin shekara ta raba, jama'a sun sake cika titi, soja ya cire Muhammad Mursi ranar 3 ga Yuli. Dole ta koma ta sake ɗauka ta canja ƙarshen. Da ta ƙara jiran shekara guda da sai ta sake canjawa, don a lokacin Janar Sisi ya zama shugaba, da yawa daga masu boren suna kurkuku ko gudun hijira. A Chile, Patricio Guzmán ya ɗauki watannin ƙarshe na mulkin Salvador Allende kafin juyin mulkin 11 ga Satumban 1973. An fitar da faifan ƙasar a ɓoye, aka haɗa The Battle of Chile a Kuba, mai riƙe masa kyamara kuma, Jorge Müller, jami'an tsaro suka ɗauke shi a 1974 ba a sake ganinsa ba. Bayan fiye da shekara 20 Guzmán ya koma gida ya nuna wa ɗaliban da aka raina a zamanin Pinochet, janar ɗin da ya hamɓarar da Allende, ya ɗauki fuskokinsu suna kallo. Wasu suna kuka, don ba wanda ya taɓa gaya musu.

Kada ka ɗauka daga fim zuwa titi babu hanya. Bayan Rang De Basanti na 2006, wanda ya haɗa labarin Bhagat Singh, ɗan gwagwarmayar Indiya da Turawan Ingila suka rataye a 1931, da na matasan Delhi na yau, mutane sun fito da kyandir a Ƙofar Indiya da ke Delhi kan wata shari'ar kisa da aka sallami waɗanda ake zargi, kamar yadda suka gani a fim, kuma aka sake duba shari'ar. Ɗaga yatsu uku na finafinan The Hunger Games ya zama alamar masu adawa da soja a Tailan a 2014 da Myanmar a 2021. Fim yana ba masu bore alama da waƙa da ƙarfin zuciya. Abin da ba ya ba su shi ne tsari, da sanin wanda zai zauna a teburin sulhu, da abin da za a nema in an zauna. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa matashi ke fita yana jiran a yi ta ta ƙare a kwana goma, in ba ta ƙare ba ya ce an ci amana ko ba a yi komai ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, amma wanda ya hango Dala ya fi wanda ke kwance a gida kusa.

Kuma "ba a yi komai ba" ɗin nan, ka sassauta. Ɗan Aljeriya na yau ba ɗan ƙasa mai daraja ta biyu ba ne a garin ubansa. Tattakin Selma na Maris 1965, wanda Ava DuVernay ta yi wa fim a 2014, ya haifar da dokar da ta buɗe wa baƙaƙen kudancin Amurka akwatin zaɓe a shekarar, ko da yake kotun ƙoli ta rage mata ƙarfi a 2013. Ana samu, ana rasa wani ɓangare, a sake nema. Wannan jan ƙafar ce fim ba ya iya ɗauka a awa biyu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne namu. A garin nan na Zariya aka yi Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17, ta tafi har Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, aka yi mata duka, aka ɗaure ta har sau 16. Ita Funmilayo 'yan kudu sun yi mata fim, an haska shi a silima a 2024. A Samarun da kake zaune, a Afrilun 1978, ɗalibai sun fito kan ƙarin kuɗin abinci a boren da ake kira Ali Must Go, sojoji suka buɗe wuta, aka rasa rayuka, gwamnati ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Shi Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya da ake cewa sai ya tafi, ya zo ya zama shugaban jam'iyya mai mulki a 2005. Ga boren Satiru na 1906 kusa da Sakkwato. Ga talakawan da suka sha bulala a kotunan alƙalai don sun riƙe katin jam'iyya. Waɗanda suka ga wasu daga cikin abubuwan nan da idonsu suna nan a Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma wayar da ke aljihunka ta fi kyamarar Pontecorvo kyan hoto.

In kai ne za ka yi fim ɗin Gambo Sawaba, za ka gamu da abin da duk waɗannan suka gamu da shi. Kana iya tsayawa a ƙofar gidan yari tana fitowa mata na guɗa. Kana iya tsayawa a 1976, lokacin da matan Arewa suka sami 'yancin jefa ƙuri'a, sai dai dole ka nuna cewa gwamnatin soja ce ta ba da shi, shekara 16 bayan Turawa sun tafi. Kana iya kaiwa jamhuriya ta biyu, inda za ka same ta a GNPP, tsofaffin abokan tafiyarta kuma a PRP da ta dare gida biyu, santsi da taɓo. Ko ka kai 2001 da ta rasu, ka rufe da allon asibitin Ƙofar Gayan mai ɗauke da sunanta, da matan da ke layi a ƙarƙashinsa da katin awo a hannu. Wanda zai ba ka kuɗin aikin zai so na farko. Ka fara da zuwa wajen tsofaffin da rakoda, kafin ka je wajensa.